Gida a Kan Taya Huɗu: Yadda Sola, Batir da Waya Ke Riƙe da Masu Zama Cikin Mota a Amurka

A jihar Arizona da ke kudu maso yammacin Amurka akwai wani ƙaramin gari mai suna Quartzsite. Mazaunansa na dindindin ba su kai mutum 4,000 ba, kuma da bazara zafinsa kan wuce digiri 40, har garin ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Amma da zarar hunturu ya kama, sai hamadar da ke kewaye da shi ta cika da motoci: manyan motocin shaƙatawa masu ɗaki da falo, tsofaffin bas-bas na 'yan makaranta, motocin kaya masu rufaffen baya, har da ƙananan motocin gida da aka cire wa kujerun baya aka shimfiɗa katifa. Da yawa daga cikin masu motocin nan ba hutu suka zo yi ba. Motar ita ce gidansu, a ciki suke girki, a ciki suke aiki, a ciki suke kwana.

Abin da zai fara ɗaukar hankalin mai sha'awar na'urori a wurin shi ne rufin motocin. Kusan kowacce na ɗauke da farantin sola, wata ɗaya, wata uku, wata kuma an jingina nata a ƙasa ana juya shi yana bin rana. Shekara 30 da suka wuce, wanda ya tare a mota da wuya ya samu wutar da za ta riƙe masa firji da kwamfuta, sai dai in zai bar inji a kunne yana shan mai. Yau farantin sola ya yi araha, farashin batirin litiyam ya sauko, ƙwan LED ba ya cin wuta, waya ɗaya kuma ta zama taswira da banki da ofis. Waɗannan ne suka sa mai ƙaramin ƙarfi zai iya shekara da shekaru a mota. Sai dai arahar ba ta zuwa haka kawai. Lissafi ne ke kawo ta, kuma mafi yawansa lissafin wuta ne, irin wanda duk wanda ya taɓa haɗa sola da inbata a gida saboda wasan ɓuyan NEPA zai gane nan take.

Mutum biyu, hanya biyu

A shekarar 1995, Bob Wells yana aiki a kantin Safeway a birnin Anchorage na jihar Alaska. Aurensa ya mutu, albashinsa ba zai ɗauki nauyin gida biyu ba, sai ya sayi wata tsohuwar motar kaya mai akwati a baya a kan dala 1,500 ya koma cikinta. Ba da son ransa ya shiga ba. Amma da wata ya ƙare babu mai gida da ke jiran kuɗin haya, sai ya riƙa zuba kuɗin a motar, yau gado, gobe abin tare sanyi, jibi wuta. A 2005 ya buɗe shafin CheapRVLiving, daga baya ya ƙara da tashar YouTube, yana koya wa mutane yadda za su yi irin rayuwarsa da ɗan abin da ke hannunsu. A watan Janairun 2011 ya kira taron farko na Rubber Tramp Rendezvous a Quartzsite. Mutum 45 suka zo. Cikin 'yan shekaru mahalartan suka kai dubbai.

A shekarar 2011 ɗin ne kuma wani matashi, Foster Huntington, ya ajiye aikinsa na zane a kamfanin tufafi na Ralph Lauren a New York, ya sayi Volkswagen ƙirar 1987, ya shiga ɗora hotunan tafiyarsa a Instagram da alamar #vanlife. Wannan alamar ce ta zagaye duniya, da hotunanta na ƙofar baya a buɗe tana kallon teku, katako mai sheƙi da kofin shayi yana tururi. Kamfanoni suka ga kasuwa. Yanzu Mercedes Sprinter da aka ƙawata a masana'anta kan haura dala 100,000, kuɗin da a wasu ƙananan garuruwan Amurka zai sayi gida na ƙasa.

Suna ɗaya ne, amma rayuwar biyu ce. Ta biyun ce 'yar jarida Jessica Bruder ta bi diddigi a littafinta Nomadland na 2017, inda ta zauna da dattawan da rikicin tattalin arziki na 2008 ya raba da gidajensu, waɗanda ɗan fanshonsu ba ya isa haya. An mayar da littafin fim a 2020, Chloé Zhao ta ba da umarni, Frances McDormand ta ja ragama, Wells kuma ya fito a matsayin kansa. Fim ɗin ya ci kyautar Oscar uku a 2021. Waɗannan mutanen ne suka fi abin koyo ga mai son sanin yadda ake yi da kuɗi kaɗan, domin in suka yi kuskuren lissafi a jikinsu suke ji: su kwana cikin sanyi, ko abincin mako guda ya lalace a firji.

Motar da kayan ciki

Masu ƙaramin ƙarfi ba sa zuwa kusa da sabuwar Sprinter. Tsofaffin Ford Econoline da Chevrolet Express suke nema, saboda kowane bakanike a kowane ƙauyen Amurka ya san cikinsu, kuma kayan gyaransu na nan birjik. Wasu kan sauko ƙasa da haka su sayi Dodge Grand Caravan ko Toyota Sienna, irin Siennar nan da ke jigilar fasinja tsakanin Kano da Abuja. Ba a iya miƙewa tsaye a cikinta, amma ba ta shan mai kamar manyan, kuma in an faka ta a bakin titi babu mai waiwayowa ya kalle ta.

Shawarar da tsofaffin hannu kan ba sabon shiga ita ce kada ya gina komai tukuna. Ya sa gado mai naɗewa ko falanki da katifa, robobin zuba kaya, jarkar ruwa, ƙaramin murhun gas da labule, ya yi wata ɗaya ko biyu a haka. Wanda ya fara da sayen katako da kabad kafin ya kwana a motar ko sau ɗaya yakan wayi gari ya ga ya sa gadon inda ya kamata firji ya zauna. Kowane katako kuma nauyi ne, nauyi kuma mai ne da taya da birki.

Lissafin wuta

A nan ne ake bambanta wanda zai daɗe da wanda zai sayar da motar bayan wata shida. Ma'aunin da ake amfani da shi shi ne wat-awa, wato ƙarfin da na'ura ke ja a ninka da awoyin da ta yi tana aiki. Ƙwai mai wat 10 da ya yi awa 4 a kunne ya ci wat-awa 40.

A ɗauki ranar mutum ɗaya mai matsakaicin buƙatu. Cajin waya kusan wat-awa 15 ne. Kwamfutar tafi-da-gidanka, in an cika ta sau biyu, kusan 120. Fitilu 40. Fankar rufi mai jan wat 15 da ta yi awa 10 tana juyawa, 150. Babban mai ci shi ne firji: ƙarami mai kwamfireso da ke aiki da bolt 12 kan ci tsakanin 300 zuwa 500 a yini, gwargwadon zafin gari da yawan buɗe shi. In an tara, abin ya doshi wat-awa 750.

Sai a dubi batir. Batirin litiyam nau'in LiFePO4 mai lambar 100Ah yana aiki a bolt 12.8, ke nan yana riƙe da wat-awa 1,280, kuma ana iya shanye kusan dukkansa ba tare da an yi masa illa ba. Batirin dalma mai lamba iri ɗaya, ɗan'uwan tubula da ake sa wa inbata a gidaje, rabinsa kawai ake iya amfani da shi in ana so ya yi ƙarko. Ga shi nauyinsa ya kusa kilo 30, alhali na litiyam bai wuce 12 ko 13 ba. Na dalma kan gaji bayan an cika an sauke shi sau 'yan ɗaruruwa, na litiyam kuwa masu ƙera shi kan yi alƙawarin sau 3,000 ko fiye. Shekarun baya kaɗan batirin litiyam mai 100Ah na kamfani mai suna ya kusa dala 1,000. Yau ana samun na kamfanonin Sin a ƙasa da dala 300. Babu wani sauyi da ya taimaki masu zama a mota kamar wannan.

Amma litiyam na da tasa ƙa'idar da mutanen ƙasashen zafi ba su cika damuwa da ita ba: ba a caja shi in sanyi ya kai matakin daskarar da ruwa, domin hakan na lalata shi har abada. Batir mai kyau yana da kwakwalwar da ke katse caji da kanta in sanyi ya kai haka, wasu ma an sa musu abin ɗumamawa a ciki. Mai arahar gaske wani lokaci ba shi da ko ɗaya, kuma ba a ganewa sai ya mutu.

Daga nan sai tambayar yadda za a mayar da abin da aka sha. Farantin sola mai wat 200 ba ya ba da wat 200 sai a takarda. A kan rufin mota kwance yake, ba ya fuskantar rana sosai, ga ƙura, ga zafi da ke rage masa ƙarfi. A rana mai kyau da ake samun awa 5 na cikakken haske, in an cire asara, zai ba da kimanin wat-awa 750. Ya yi daidai da buƙatar da aka lissafa a sama, ba rara ko kaɗan. Da hunturu, lokacin da rana ke yin ƙasa kuma yini ya gajarta, abin kan faɗi zuwa rabi. Kwana uku na hadari a jere sun isa su kashe firji. Shi ya sa masu hankali kan ƙara hanya ta biyu, wata ƙaramar na'ura da ke ɗebo wuta daga altanetar motar ta caja batirin gida yayin tafiya. Mai ƙarfin amfiya 30 za ta zuba kusan wat-awa 400 cikin awa ɗaya na tuƙi. Tsakanin faranti da batir kuma akwai na'urar daidaita caji. Nau'in MPPT ya fi PWM tsada, amma ya fi tatso wuta daga faranti, kuma a rufin da ba shi da wurin ƙara faranti, wannan ɗan bambancin ya cancanci kuɗinsa.

Akwai abubuwan da wannan tsari ba zai taɓa ɗauka ba. Na'urar sanyaya ɗaki ta kan rufi tana jan wat 1,200 zuwa 1,500, ke nan za ta shanye batirin 100Ah kafin awa ɗaya ta cika. Butar lantarki ma wat 1,500 take ja, sai dai ita minti 4 take yi, don haka wat-awa 100 ne kawai, in inbatar za ta iya ɗauka. Da yawa ba sa ma sayen babbar inbata. Duk lokacin da aka juya wutar batir zuwa irin ta gida ana asarar kashi 10 zuwa 15 cikin 100, kuma inbata na shan wuta ko babu abin da aka jona mata. Gara a sayi firji da fanka da fitilu masu aiki da bolt 12 kai tsaye, kwamfuta kuma a caja ta da cajar mota mai bakin USB-C.

Wani abu da bidiyon ƙawa ba ya nunawa shi ne kaurin waya. Ƙarancin bolt na nufin yawan amfiya. Inbata mai wat 1,000 da ke aiki da batirin bolt 12 tana jan sama da amfiya 80, kuma siririyar waya a irin wannan wuri za ta yi zafi har ta narke. A mota kuma komai na girgiza kullum, waya na gogar ƙarfe har rigarta ta cinye. Fiyus a kusa da kan batir, kafin komai, shi ne abin da bai kamata a yi tsimi a kansa ba, domin wanda wuta ta kama motarsa gidansa ne ya ƙone.

Ga wanda ba ya son taɓa waya ko ɗaya, akwai akwatunan wuta na kamfanoni irin su Jackery, EcoFlow da Bluetti, waɗanda suka haɗa batir da inbata da na'urar caji wuri ɗaya. Sun fi tsada in an kwatanta wat-awa da wat-awa, kuma in abu ɗaya ya lalace a ciki duka ne ya tsaya. Amma ana ɗaukar su a hannu a shiga da su laburare ko gidan shayi a caja, abin da ba zai yiwu da batirin da aka ɗaure a ƙarƙashin gado ba.

Zafi da sanyi

Tunda batir ba zai ɗauki na'urar sanyaya ɗaki ba, masu zama a mota sai suka koma dabarar makiyaya: su bi yanayi. Iska na yin sanyi da kusan digiri 6 a duk hawan mita 1,000, abin da duk wanda ya taɓa tashi daga Sakkwato ya sauka Jos ya ji a jikinsa. Da hunturu suna hamadar Quartzsite. In zafi ya fara, sai su hau dazuzzukan kusa da Flagstaff, a jihar Arizona ɗin dai, inda tudun ya kai mita 2,100. Sauran aikin kuma fankar rufi ce ke yi, tana zuƙe iskar zafi ta fitar, ana buɗe taga ɗaya ta ƙasa sabuwa na shigowa.

Wasu sun samo wata hanya da Toyota Prius. Motar na da babban batir na haɗin gwiwa da inji, kuma in an bar ta a kunne tana tsaye, na'urar sanyayawa na aiki da batirin, injin ya tashi na 'yan mintuna ya cika shi ya sake mutuwa. Ana kwana cikin sanyi da ɗan mai kaɗan. Kuɗin da ake biya shi ne ƙunci, don wurin kwanciyar da ƙyar yake ɗaukar mutum ɗaya.

Sanyi ya fi zafi sauƙin magani, amma ya fi shi haɗari. Na'urar ɗumama mota mai aiki da dizal, wadda kamfanonin Jamus Webasto da Eberspächer suka yi suna a kanta, kan haura dala 1,000. Kwafinta na Sin ana samunsa a kusan dala 150, kuma shi ne ya cika motocin talakawa. Amfaninta shi ne wutar na ci a rufaffen ɗaki, hayaƙin na fita waje ta bututu, iska mai ɗumi kawai ke shiga motar. Ƙasa da rubu'in lita take sha a awa. Masu ɗumama mota da gas a fili kuwa suna fama da abu biyu. Na farko, ƙonewar gas na fitar da tururi, ya haɗu da numfashin mai barci, da safe a tarar da gilashi da ƙarfen mota sun yi gumi, daga nan sai funfuna da tsatsa. Na biyu shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai ke kashe iyali guda in an kwana da janareto ko gawayi a rufaffen ɗaki. Na'urar da ke ihu in ta ji wannan iska ba ta wuce dala 30 ba, kuma tana cikin abubuwan farko da ake saya.

Intanet da abin kai wa baka

Zama ba haya ba ya nufin zama ba aiki. Kamfanin Amazon ya yi shekaru yana ɗaukar masu zama a mota aikin ƙarshen shekara a manyan rumbunansa ƙarƙashin shirin CamperForce, aikin da Bruder ta nuna wahalarsa ga masu shekara 60 da 70. Wasu kan je jihohin North Dakota da Minnesota a watan Oktoba aikin girbin wani nau'in gwaza da ake sukari da shi, wasu su kama aikin kula da sansanonin shaƙatawa a dazuzzuka. Matasa kuwa da yawansu ta kwamfuta suke aiki, kuma su intanet ta zame musu kamar ruwan sha.

Hanya mafi araha ita ce waya da layin data. Masu aiki sosai kan riƙe layi biyu na kamfanoni daban-daban, misali Verizon da T-Mobile, domin inda ɗaya ya mutu ɗayan kan kama. Na'urar ƙara ƙarfin sabis irin ta weBoost na taimakawa, amma abin da ke akwai take ƙarawa. Inda babu sabis sam, babu abin da za ta yi. Starlink, wanda ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023 kafin kowace ƙasa a Afirka, ya fitar da tsarin masu yawo a mota a watan Mayun 2022, ya buɗe wuraren da a da ba a iya aiki daga cikinsu. Sai dai ya zo da nasa lissafin. Babban farantinsa na jan wat 75 zuwa 100, wanda a awa 8 na aiki ya kai abin da firji da fanka da fitilu ke ci gaba ɗaya. Ƙaramin da ya fito a 2024, Starlink Mini, wat 25 zuwa 40 yake ja, kuma ana iya ba shi wuta daga batir ba tare da inbata ba. Ga kuma kuɗin wata. Akwai kuma wani abin dariya a ciki: sola da Starlink duka sararin sama suke so, shi kuwa mai motar inuwa yake nema. Wanda ya faka ƙarƙashin bishiya ya huta, amma batirinsa bai cika ba, intanet ɗinsa kuma tana yankewa.

Ina za a kwana?

Dalilin da ya sa wannan rayuwa ta yi ƙarfi a yammacin Amurka fiye da ko'ina shi ne fili. Hukumar kula da filayen gwamnatin tarayya, wadda ake kira BLM, tana riƙe da kimanin eka miliyan 245, faɗin da ya ɗara na Najeriya gaba ɗaya. A mafi yawan wannan fili ana iya faka mota a kwana kyauta har kwana 14, sannan a matsa wani wurin. Dazuzzukan gwamnatin tarayya ma na da irin wannan ƙa'ida. A kusa da Quartzsite akwai wuraren dogon zama, inda takardar izini ta wata bakwai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, ta yi shekaru tana dala 180, da famfon ruwa da wurin zubar da shara. Sansani mai wuta da ruwa na 'yan kasuwa kan karɓi kusan haka a 'yan kwanaki. Ke nan farantin sola ba wuta kawai yake bayarwa ba, shi ne ke ba mutum damar zama a filin da ba a biya.

Ana samun waɗannan wurare ne ta manhajoji irin su iOverlander da Campendium, a Turai kuma Park4night, inda matafiya ke rubuta inda suka kwana, ko akwai sabis, ko an kore su. Amfaninsu shi ne illarsu. Wurin da ya yi suna a manhaja kan cika, shara ta taru, hukuma ta kafa allon hani. Portugal ta tsaurara dokar kwana a mota a 2021, New Zealand kuma ta yi doka a 2023 da ke neman kafaffen bayan gida a motar da za a ba takardar shaidar kwana a fili.

Tuƙi kansa shi ne babban mai cin kuɗi. Tsohuwar babbar bas kan yi kilomita 6 ko 7 da lita ɗaya, don haka wanda ke sauya gari kullum zai ƙona abin da ya kusa kuɗin haya a mai. Masu tsimi kan cika kwana 14 ɗinsu a wuri ɗaya, su shiga gari sau ɗaya a mako su yi cefane, su cika jarkoki, su yi wanki.

Wanka kuwa, a gari, katin gidan motsa jiki ne maganinsa. Planet Fitness na da rassa a faɗin ƙasar, kuma da wani katinsu da ake biya wata-wata ana shiga kowanne. A daji sai buta da tawul. Bayan gida, ga mafi yawansu, bokiti ne da leda da murfi mai kamawa, abin da ba a taɓa ɗora hotonsa a Instagram ba.

Sai maganar adireshi, domin lasisin tuƙi da inshora da banki duka suna neman inda mutum yake zaune. Jihohi uku ne aka fi zaɓa, South Dakota da Texas da Florida, saboda ba sa karɓar harajin albashi na jiha kuma suna karɓar adireshin kamfanonin tura wasiƙu. Ƙungiyar Escapees da ke Livingston a Texas ta daɗe tana wannan aiki. A South Dakota, rasidin kwana ɗaya a otal ko sansani na cikin takardun da ake nema kafin a ba mutum lasisi.

Ranar da injin ya tsaya

Duk wannan lissafi na tsaye ne a kan abu ɗaya, motar ta ci gaba da tashi. Gyaran giya a Amurka dubban daloli ne, kuma ranar da motar ta shiga gareji, mai ita ya rasa ɗaki da ɗakin girki da ofis a lokaci guda, ga kuɗin otal. Wells ya daɗe yana nanata wa sababbi cewa su ware kuɗin ko-ta-kwana kafin su sayi firji ko sola. A 2018 shi da Suanne Carlson suka kafa ƙungiyar agaji ta Homes on Wheels Alliance, wadda ke taimaka wa waɗanda ba su da wannan ajiya, har da ba wasu motoci da kayan sola.

A cikin birni kuma, inda ayyuka da asibitoci suke, filin kyauta babu shi. Wasu rassan Walmart na barin a kwana a filin ajiye motocinsu, amma ya danganta da manajan reshe da dokar garin, kuma adadinsu na raguwa. Garuruwa da yawa sun hana kwana a mota a bakin titi. A watan Yunin 2024 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar garin Grants Pass na jihar Oregon, ta yanke da rinjayen alƙalai 6 a kan 3 cewa gari na iya hukunta masu kwana a filin jama'a ko da ba su da wurin zuwa. Shi ya sa masu zama a birni kan zaɓi farar motar kaya mara taga da ta yi kama da ta ma'aikacin famfo, su toshe duk wata kafar haske, su iso wurin kwana da daddare su tashi da asuba. Ko farantin sola a rufi kan tona asiri, don haka wasu kan ɓoye shi tsakanin ƙarafan ɗora tsani.

Wasu garuruwan sun bi wata hanya. A Santa Barbara ta jihar California, tun 2004 ƙungiyar New Beginnings ke gudanar da shirin da coci-coci da ofisoshi ke ba da filin ajiye motocinsu da daddare ga waɗanda ke zaune a mota, kuma an kwaikwayi shirin a wasu biranen yammacin ƙasar. Ana neman lasisi da rajistar mota da inshora kafin a ba mutum gurbi. Da yamma ake shiga, da sassafe kuma kowa ya tayar da motarsa ya bar wurin kafin masu filin su iso aiki.